Tarwada ba ta jiran kasuwa

Yau zancen kiwon kifi za mu yi, amma ta ɓangaren aljihu.

A ƙasar Norway keji suke kafawa cikin teku su zuba kifi, ruwa na shiga yana fita kyauta. Mu nan cikin ganuwar Zazzau ba mu da teku, sai tankin roba ko kwamin siminti a bayan gida. Ruwan ma saye kake yi, ko man janareta ko kuɗin 'yan garuwa.

Na gwada a gidanmu, wajen Ƙofar Doka, da 'ya'yan tarwada 500. Jarin kuwa adashin Innarmu ne ta ɗauka ta ba ni. Na lissafa tanki, na lissafa 'ya'yan kifi, na raina babban abu, wato abinci. Ashe shi ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon. A watan farko buhu ɗaya mai kilo 15 ya ishe ni. A wata na huɗu, wallahi ba ya kwana uku. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a 2023, naira ta faɗi, abincin da man duk suka tashi.

Da kuɗi suka ƙare sai na rage musu abinci. Tarwada kuwa in ta ji yunwa, babba ƙarama take haɗiyewa. Dole na kira dillali. Shi ma ya san duk kwanan da kifin ya ƙara a hannuna asara ce, don haka farashin da ya ga dama ya yanka. Uwar kuɗin ma ba ta dawo cikakkiya ba. Ranar na kasa haɗa ido da Inna.

To ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ku sayi ɗan kifi ko ɗaya, ku tanadi kuɗin abincin wata biyar zuwa shida. In na kifi 200 kuke da shi, to 200 za ku zuba. Ku riƙa ware manya daga ƙanana. Ku shirya da masu gashin kifi na Tudun Wada, Sabon Gari ko Samaru tun kifin bai isa ba. Sannan ku koyi banda, don kifin da aka yi wa banda ba ya cin abinci, yana iya jiran farashi.

Wanda ya taɓa kiwon, ya ba mu labarin yadda ta kaya. Sai shiri na gaba, mu kwana lafiya.