Soket ɗin Gareji Ba Irin na Ɗaki Ba Ne



Yau maganarmu kan soket ɗin gareji ce. Garejinmu ba mota kaɗai yake ɗauka ba. Nan babur yake kwana. Nan ake ajiye injin ban-ruwa idan an dawo daga fadamar rake ko tumatir. Nan jarkar fetur take, nan ake wanke-wanke. Ruwa, ƙura, fetur, ga kuma wuta a bango.

To, wane soket ya dace?

Da farko, mai murfi. Murfin yana tare feshin damina da ƙurar hunturu. A kafa shi sama, inda ruwa ba ya kaiwa, inda hannun yaro ba ya kaiwa, nesa da fetur.

Sai wayar ƙasa. Ramin nan na uku ba ado ba ne. Idan ba a haɗa masa waya ba, ƙarfen injin da aka jona zai iya ɗaukar wuta, ya jira mai taɓawa.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne bireka. Bireka ta gama-gari waya take karewa daga ƙonewa, ba jikin mutum ba. Ku nemi wadda ake kira RCD. Da wuta ta fara bi ta jikin mutum, nan take za ta yanke. Tana da maɓallin gwaji, ku riƙa danna shi.

Maigida, kada a ba yaron gida wannan aiki. A kira ƙwararren mai wayarin, a sayi kaya mai shaidar hukumar kula da ingancin kaya ta SON.