Sharhin Fim: Little Miss Sunshine

Yau fim ɗin Amurka muka ɗauko, Little Miss Sunshine na 2006. Zan ɗan fasa ƙwai fa, ku yi haƙuri.

Labarin wani gida ne da kowa da irin tasa. Uban, Richard, yana koyar da matakai 9 na samun nasara, alhali shi kansa bai same ta ba. Babban ɗa, Dwayne, ya rantse ba zai yi magana ba sai ya shiga makarantar tuƙin jirgin sama. Kawu Frank bai daɗe da yunƙurin kashe kansa ba. Kakan kuwa an koro shi daga gidan tsofaffi saboda ƙwaya. Haka suka cunkusu a tsohuwar bas mai ruwan ɗorawa, za su kai auta Olive, 'yar shekara 7, gasar kyau ta yara a Kalifoniya.

A hanya kuloci ya lalace, sai an tura motar da gudu kowa ya ɗare. Dariya har da hawaye. Sai kakan ya rasu, Dwayne kuma ya gano ba ya bambance launuka, burinsa ya rushe. Wallahi nan na yi tsit.

Richard ya raba mutane biyu: masu ci da faɗaɗɗu. Mu nawa aka auna da wannan mudu a gida, bayan jarrabawa ko neman aiki? Olive ba ta ci gasar ba. Amma da aka ce a sauko da ita daga dandamali, uban nan ne ya fara hawa ya taya ta rawa.

Bakin kakan ba linzami, kada ku kalla da yara. Ku rubuto mana, wa ya taya ku tura taku motar?