SUNAN MUTUM DA FUSKARSA BA KAYAN TSINTUWA BA NE: JAWABIN MALAM A BIRNIN GWARI

Wannan shi ne jawabin da Malam ya gabatar wa matasan 'yan uwa a wajen ta'alimin da aka yi a garin Birnin Gwari bayan sallar La'asar, wanda ya samu halartar 'yan uwa daga cikin gari da ƙauyukan kewaye. 

Bayan ya yi hamdala da salati ga Manzon Rahama (S), Malam ya fara da gode wa Allah da Ya nuna mana lokacin da za a iya zama irin wannan a Birnin Gwari har rana ta yi sanyi ba tare da kowa yana waige-waige ba. Ya tunatar da cewa a 2021 an kai matsayin da gwamnatin jiha ta hana cin kasuwannin mako-mako a wannan yanki, ta hana hawa babur, aka kuma katse layukan waya. Sai a ƙarshen watan Nuwamba na 2024, bayan sulhun da aka ƙulla, Gwamna Uba Sani ya zo ya sake buɗe kasuwar shanu wadda ta shafe shekaru a rufe. Ya ce to kasuwa ta dawo, amma idan kasuwa ta dawo ba masu gaskiya kaɗai ke dawowa ba, kuma a kan wani nau'i na cuta da ke shigowa cikin kaya ne yake son ya yi magana.

Malam ya ce a ranar kasuwar da ta wuce ya tsaya ya saurari wata mota mai lasifika tana tallar maganin gargajiya. Kafin mai maganin ya buɗe baki, sai da ya saki muryar wani sanannen malami da ya riga mu gidan gaskiya yana karatu a kan falalar neman magani, sannan ya yanke karatun a tsakiya, ya ɗora da cewa ga maganin nan da Malam yake nufi. A jikin kwalbar kuma ga hoton malamin an liƙa. Ya ce ya ga dattijo ya kwance bakin zani ya biya kuɗi, kuma wallahi ba maganin ya saya ba, amincin da yake da shi ga wancan bawan Allah ne aka sayar masa.

Ya ce wannan sana'a ba sabuwa ba ce, kuma ba a kan malamai aka fara ta ba, a kan Fiyayyen Halitta (S) aka fara. Malaman hadisi sun ambaci wani mutum, Muhammad bin Hajjaj Al-Lakhmi, wanda suka tuhuma da ƙirƙiro hadisi a kan harisa, wani abinci na alkama da nama, wai Mala'ika Jibrilu ne ya kawo wa Annabi (S) ita don ta ƙara masa ƙarfin tsayuwar dare. An kuma ce shi mutumin ma'abucin harisar ne. Ibnul Jauzi ya sanya wannan ruwaya cikin littafinsa na hadisan ƙarya. A nan Malam ya yi murmushi ya ce, wato kun ga mai tuwo ne ya nemi tallar da ta fi ta kowa. Ya ce malamanmu ba su ɗauki abin da wasa ba, sun bi mutum ɗaya-ɗaya suna tambaya, wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, har ilimin isnadi ya tsayu da ƙafarsa. Duk wannan wahala an sha ta ne don kada wani ya jingina wa mai suna abin da bai faɗa ba.

Daga nan sai Malam ya juya kan abin da dokokin zamani suka ce, yana mai cewa ya kamata ɗan gwagwarmaya ya san tsarin da yake rayuwa a ƙarƙashinsa ko da bai yarda da tushensa ba. Ya ce a Amurka, wata yarinya mai suna Abigail Roberson ta kai ƙara domin an buga hotonta a takardun tallar garin fulawa ba da saninta ba, a 1902 kotun ƙoli ta jihar New York ta ce babu dokar da ta ba ta wannan haƙƙi. Surutun da jama'a suka yi ya sa a 1903 jihar ta kafa dokar da ta hana amfani da suna ko hoton mutum a talla sai da rubutaccen izininsa. Daga nan abin ya yi ta girma har suna ya zama dukiya da ake ciniki a kanta. A 2006 ɗan damben nan Muhammad Ali ya sayar wa kamfanin CKX kashi 80 cikin ɗari na haƙƙin sunansa da kamanninsa a kan Dala miliyan 50. Shi kuma ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan, tun 2012 ya shiga shari'a da kamfanin Qiaodan Sports na ƙasar Sin da ke sayar da kayan wasanni da sunansa kamar yadda Sinawa ke furta shi, sai a Disambar 2016 kotun ƙolin ƙasar ta ba shi gaskiya a kan sunan da aka rubuta da haruffan Sinanci.

Amma misalin da Malam ya fi tsayawa a kansa shi ne na Che Guevara, ɗan juyin juya halin Kuba. Ya ce hoton nan nasa da kowa ya sani, wani mai ɗaukar hoto Alberto Korda ne ya ɗauka a 1960, kuma shekara da shekaru ana buga shi a riguna da tutoci bai nemi ko sisi ba, domin yana ganin ana yaɗa abin da mutumin ya mutu a kai ne. Sai a 2000 aka ɗauki hoton aka yi tallar giyar Smirnoff da shi. Nan fa Korda ya kai ƙara a Landan, aka sasanta a kan Dala dubu 50, ya kuma bayar da kuɗin ga harkar lafiya a Kuba. Malam ya ce ku dubi yadda jari-hujja take: mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙar ta, bayan ya mutu ta ɗauki fuskarsa ta sa a kwalbar barasa. Ya ce duk wanda yake zaton hotunan malamanmu da shahidanmu sun fi ƙarfin a yi musu haka, to bai san kasuwa ba. Ya kuma ja hankali da cewa wanda ya iya tsayawa a kotu mai ɗaukar hoton ne, ba iyalan mamacin ba.

Ya ce irin wannan giɓin ne muke da shi a Nijeriya. Babu wata doka guda ɗaya da aka yi musamman don kare suna da fuskar mutum daga 'yan talla. Sai dai a yi tsince-tsince: sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 da ya yi magana a kan sirrin ɗan ƙasa, da dokar alamun kasuwanci, da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, da kuma tsohuwar ƙa'idar da aka gada daga Ingila wadda ta hana mutum ya sayar da kayansa da sunan na wani ne. Akwai hukumar ARCON mai lura da tallace-tallace, akwai NAFDAC mai lura da magani da abinci. A 2021, a shari'ar Banire da kamfanin NTA-Star TV, inda aka sa hoton mai ƙara a allunan talla, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce haƙƙin mallakar hoto yana hannun wanda ya ɗauka ne, ba wanda aka ɗauka ba. Malam ya ce to ku gaya min, magajin malamin da aka liƙa hoton mahaifinsa a kwalbar maganin basir, da wane kuɗin zai bi hanyar Kaduna, tafiyar sama da kilomita 100, ya ɗauki lauya a Babbar Kotun Tarayya, a kan mai motar da gobe yana wata kasuwar? Ya ce doka ce da ke aiki ga wanda sunansa ya kai miliyoyi, talaka kuwa sai dai ya ce Allah Ya isa.

Game da hukuncin Musulunci kuwa, Malam ya ce abin a fili yake. Ya kawo ƙissar da Muslim ya ruwaito, ta ranar da Manzon Allah (S) ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya tura hannunsa mai albarka cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya kuma barrantar da kansa daga mai algus. Ya ce wanda ya ɓoye jiƙaƙƙen hatsi ƙarƙashin busasshe, da wanda ya ɓoye ruwan ganye ƙarƙashin rawanin malami, aikinsu ɗaya, sai dai na biyun ya haɗa laifi uku: ya cuci mai saye, ya yi wa malamin ƙarya, ya kuma ci da addini. Ya ƙara da cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da alamar kaya da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira duk haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kare, bai halatta a yi ta'addanci a kansu ba. Ya ce wannan ya shafi jabun maganin feshi da jabun taki da ake ɗura wa a buhun kamfanin da manomi ya sani, wanda a ƙasar masara irin Birnin Gwari yana nufin asarar damina guda.

Da ya zo nan sai muryar Malam ta canza. Ya ce duk waɗannan ƙananan ɓarayin suna ne, babban ɓarawon suna yana cikin dajin da ke bayanmu. Ƙungiyar da ta bayyana kanta a farkon 2012 da sunan Ansaru, wadda daga baya ta yi sansani a gabashin Birnin Gwari, har a 2022 ta riƙa iko da wurare irin su Damari tana hana harkar siyasa tana jan matasa, da wane suna ta yi talla? Da sunan Ansar, mutanen Madina da suka raba gidajensu da gonakinsu da baƙin da suka yi hijira zuwa gare su. Ta kuma riƙa ambaton Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da daular da ya kafa. Ya ce Ansar na gaskiya baƙo suka ba gida, waɗannan kuwa a zamaninsu masu gida ne suka zama baƙi a garuruwan wasu. A watan Agustan 2025 gwamnati ta sanar da kama manyan shugabanninta biyu, amma Malam ya ce dabarar ba a kama ta ba, gobe wani zai zo da wani sunan mai daɗin ji. Ya ce Shehu ba shi da lauya, Ansar ba su da kotun da za su kai ƙara, saboda haka kariyar sunansu tana wuyan wanda ya karanta tarihinsu har ya iya bambance su da mai kwaikwayo.

A gefe guda ya yi tsokaci cewa Shehu ya rasu a 1817, alhali hoto na farko a duniya sai wajen 1826 aka ɗauke shi a Faransa. Don haka duk wanda ya sayar maka da takarda ya ce ga hoton Shehu, zanen wani ne da ya zauna ya ƙiyasta. Ya ce yanzu ma abin ya wuce zane, na'ura tana iya kwaikwayon murya da motsin leɓe, ka ga malami ko attajiri a Facebook ko TikTok yana kiranka ka zuba kuɗi a wani wuri, alhali bai taɓa furta kalma ɗaya daga ciki ba. Ya nemi 'yan uwa da kada su tura irin wannan gaba har sai sun san daga ina ya fito.

Sannan Malam ya ce bari ya taɓa gida, kada a ce ya ga na wasu bai ga namu ba. Ya ce a cikin masu sauraro akwai masu buga riguna da sitika da kalanda ɗauke da hotunan malamai da shahidai, ana sayarwa a ƙofar masallaci da wuraren taro. Ya ce bai ce haramun ne a dunƙule ba, amma yana da tambayoyi. An tambayi iyalan shahidin? Matarsa da marayunsa sun san ana cin riba da fuskar mahaifinsu? Maganar da aka rubuta a ƙarƙashin hoton, shi ya faɗe ta ko kai ka ga ta dace da shi? Ya ce ya taɓa ganin kalanda, sama hoton shahidi, ƙasa tallar shagon gyaran waya. Wurin ya yi tsit.

A lokacin tambayoyi, wani matashi ya miƙe ya ce shi yana sayar da rigunan ƙwallo masu sunan Ronaldo da Ahmed Musa, kuma kowa ya san ba na asali ba ne, shin shi ma ya shiga ciki? Malam ya amsa da cewa ta fuskar mai saye, in dai bai ce masa ta asali ce ba, kuma kuɗin da ya karɓa na kwaikwayo ne, to bai yaudare shi ba. Amma haƙƙin masu alamar da ke jikin rigar yana nan, a doka da kuma a fatawar da aka ambata, saboda haka ya fi masa kyau idan wannan kayan ya ƙare ya juya jarinsa zuwa wanda babu alamar kowa a jiki.

Wani kuma ya ce yana da ragowar sitika kusan ɗari biyu na wani ɗan uwa da 'yan bindiga suka kashe a hanya, ya zai yi da su? Malam ya ce ya ɗauke su gobe ya kai gidan mamacin, ya faɗa musu nawa ya sayar da nawa ya samu, ya bar su su zaɓa. In sun ce a ci gaba, a yanka musu kasonsu a rubuce. In sun ce a daina, ya daina.

An rufe zaman da addu'a ga waɗanda suka rasa rayukansu a wannan daji da waɗanda har yanzu ba su koma garuruwansu ba, aka tashi gab da kiran Magariba.