Ruwan Sha da Ciwon Amai da Gudawa

Shekarar 1994 ba ita ce zancenmu ba, ko da yake a shekarar nan ma ruwa ya ci Maiduguri. Zancenmu shi ne ambaliyar ran 10 ga Satumba 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Kogin Ngadda ya malale cikin gari. Ruwan ya shiga masai da shadda, ya kwaso ƙazanta ya zuba a rijiyoyi. Ba a yi wata guda ba Gwamnatin Jihar Barno ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara, watau ciwon amai da gudawa.

Ciwon nan ya shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, kuma hanyarsa guda ce tun daga lokacin. Ƙwayar cutar tana fita cikin bayan gidan mai ɗauke da ita, ta koma bakin wani ta ruwa, ko abinci, ko hannun da ba a wanke ba. Ƙuda ma yakan kai ta kan tuwo. Atini da zawon yara duk hanyar nan suke bi. Inda aka cunkushe kuwa abin ya fi muni, kamar yadda aka gani a sansanin 'yan gudun hijira na Garejin Muna a 2017.

To, ku lura da randa. Sau da yawa ruwa yakan zo da tsabta daga famfo, a gida yake lalacewa, gama kowa yana tsoma moɗa har da yatsunsa. A rufe randa, a keɓe mata moɗa mai mariƙi. Ruwan garuwa da na rijiya a tafasa shi ko a sa masa kulorin, kome haskensa, don ido ba ya ganin ƙwayar cuta. Buta kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da sabulu.

Abin da ke kashe mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Kwalara takan kayar da ƙato cikin sa'o'i kaɗan. Saboda haka da zarar an fara, a narka ƙunshin gishiri da sukari na asibiti cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa. In babu, a sa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe, ba tsororo ba. A yi ta ba shi kaɗan-kaɗan ko da yana amai.

Iyaye mata, ina roƙonku, ku daina cewa haƙori ne ke sa zawo, ku zauna jira. Kada a janye wa yaro nono. A ba shi ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Tun 2022 akwai rigakafin zawon rota cikin rigakafin jarirai, kyauta. In idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, ko zawon ya zama fari kamar ruwan wankin shinkafa, a garzaya asibiti, ana tafe ana ba shi ruwan.