Jawabi Ga Mafarauta Da Masu Karen Gadi A Tudun Jukun, Zariya

Kaka ta wuce, an kusa fara fita farauta, shi ya sa yau zan yi magana a kan kare.

Na sha jin ana cewa a bar kare da yunwa, wai sai ya fi zafin nama a daji. Ni ban yarda ba. Kare mai yunwa zai ruga da gudu, amma kafin rana ta take ya gaji. In ya kama zomo kuma, shi zai fara ci kafin ka iso. Ƙanzo da ragowar tuwo suna cika ciki, amma ba sa gina tsoka. A haɗa masa da kayan ciki daga mahauta, ko kan kifi, ko dafaffen waken soya. Kada a ba shi ƙashin kaza da aka dafa, yana tsagewa ya soke shi a ciki. Albasa mai yawa ma tana lalata jininsa. Ranar fita, a riƙe masa ruwa a gora, babban abinci kuwa sai an dawo.

Sai maganar shekaru. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa sai ya yi mako 8. Yana ƙarami za a koya masa sunansa da amsa kira. Doguwar farauta kuwa sai ya shekara, domin kafin nan ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Wanda ya yi gaggawa, gurgun kare zai samu.

Wasu sun fi son namiji. Gaskiya karya ba ta kasa shi aiki ba, sai dai tana da lokacinta. Cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka. In ya tsufa, a bar ta a gida. In tana shayarwa, abincinta ya ninka biyu ko uku.

Kwikwiyo ya cika wata 3, a yi masa allurar ciwon hauka, a riƙa sabuntawa duk shekara. Asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru. In kun je, ku nemi maganin tsutsar ciki da na kaska. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar.