In Jita Ta Yi Shiru: Jawabi A Kan Gano Cutarta



An nemi in yi magana a kan jitar lantarki, ni kuwa na zaɓi in yi magana a kan ranar da ta ƙi yin magana. Sau da yawa akan jefa ta ɗakin ajiya a ce ta mutu, alhali wata 'yar waya ce ta tsinke. Wannan asarar dukiya ce, wadda sani kaɗan zai hana.

Da farko mu san yadda take ji. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai abin da makaɗa ke kira fikof, ni kuwa zan kira shi kunnen jita. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ɗan ƙaramin lantarki ya haifu a cikin wayar, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Wannan lantarki yakan bi ta mamurɗin ƙarfin sauti da na kaifin sauti, ya fita ta soket, ya shiga amfilifaya. Hanya ɗaya ce tak, saboda haka duk cutar da ta taso tana wani wuri a kanta.

To, kada ka yi gaggawar kwance jita. Fara canza kebul, domin shi ya fi yawan laifi. Sannan duba notin soket: in ya saki, soket ɗin yakan juya har ya tsinke wayoyinsa. Bayan haka ka ɗan ƙwanƙwasa kan kowane kunne da sukundireba. Mai rai zai amsa a lasifika.

In har yanzu shiru, sai a aro mitar masu gyaran rediyo. A buɗe ƙarfin sauti duka, a zaɓi kunne guda, a auna bakin kebul. Kunne mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster da kamfanin Fender ya fitar a 1954, yakan nuna wajen om 6,000. Mai naɗi biyu yakan kai wajen 8,000. In mita ta nuna sifiri, wayar sauti ta taɓa wayar ƙasa. In ta nuna wajen 250,000 ko 500,000, mamurɗin kaɗai kake aunawa, wato hanyar kunnen ta yanke. In ba ta nuna kome ba, a nemi tsinkewar tsakanin soket da mamurɗi.

Su ma mamurɗan suna da nasu alamu. Wanda ke ƙarar ƙaiƙayi in an juya shi, ƙura ce ta shige shi, mu kuwa da muke shan hunturu mun san ƙura. A fesa masa maganin wanke kayan lantarki, a yi ta juya shi. In an rufe ƙarfin sauti amma murya ba ta ɗauke ba, ƙafarsa da ya kamata ta haɗu da wayar ƙasa ta saki. Shi kuwa mamurɗin kaifi aikinsa shi ne ya zubar da siraran muryoyi ta cikin kafasita. In ya daina aiki, liƙin dalmarsa ya tashi; in ya koma yana rage sautin gaba ɗaya, kafasitar ta lalace ko an haɗa ta ba daidai ba. Haka kuma, in kunnuwa biyu kowanne yana da daɗi shi kaɗai, amma haɗe suna fitar da murya siririya kamar ta mai mura, an juya wayoyin ɗayansu ne. A musanya su.

Saura gurnani. Kunne mai naɗi ɗaya yakan kwashi ruri daga wutar gida, wadda a ƙasarmu take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Wannan halinsa ne, don haka ne Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson mai naɗi biyu, aka fara sa shi a jitocinsu a 1957. Amma in ka taɓa tsirkiya gurnanin bai ragu ba, duba wayar da ta haɗa jakin jita da ƙasa.

A nan ne nake roƙonku ku saurara da kyau. Wannan waya ta haɗa hannun makaɗi da jikin amfilifaya. In amfilifayar ta lalace, kuma ba ta da wayar ƙasa a filoginta, wutar gida tana iya biyowa ta tsirkiya. Keith Relf, mawaƙin Yardbirds na Ingila, wuta ce ta kashe shi a gidansa a 1976 yana riƙe da jita. Saboda haka, kada wanda ya cire ƙafar filogi ta uku don ya kashe gurnani. In tsirkiya ta ɗan ja ka, kashe kome nan take, ka kira gwani. Cikin jita kowa yana iya koyon gyara shi, amma cikin amfilifaya na masana ne, domin takan riƙe wuta ko bayan an zare ta.

'Yan'uwa, darasin ya wuce jita. Gobe za ku riƙe ofisoshi, inda za a kawo muku injin a ce ya mutu, a sayo sabo. Ku tambaya tukuna: an auna? Rigakafi dai ya fi magani, bincike kuma ya fi zato.

Nan na kawo ƙarshen jawabina.