Waƙar da Kike Ji ta Bayan Katanga

   Wadda ke bakin murhu ta ci gaba da tuƙinta, kunne kawai nake roƙo ta ara mini.

Makon jiya wata 'yar uwa daga Kaduna ta aiko mana da saƙo. Ta ce katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da gidan wasu Kiristoci. Maigidan ya rasu, aka yi kwana goma sha biyu ba a binne shi ba, kuma daren da za a wayi gari a binne shi sai aka kwana ana waƙe-waƙe. Ta ce abin ya ɗaure mata kai. Shin mutanen nan ba sa jin zafin mutuwa ne? In kuma ta shiga gaisuwa, me za ta ce wa matar?

'Yar uwa, na gode da wannan tambaya, don ni ma na taɓa yi wa kaina ita, kuma sai da na yi kuskure kafin na sami amsa.

Shekarun baya, a gidan hayar da muka fara zama bayan aurena, akwai wata dattijuwa ma'aikaciyar jinya, Kirista ce daga kudancin Kaduna. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini 'yata. Ita ta fara yi wa ɗana na fari wanka. Wata rana ɗanta na biyu, saurayi da bai daɗe da gama karatu ba, ya yi hatsarin mota a hanyarsa ta dawowa gida, ko shurawa bai yi ba. Da na ji labari jikina ya mutu. Amma da yamma sai ga mata sun cika tsakar gida sanye da atamfa iri ɗaya, ana buga tulu, ana waƙa. Sai na ce a raina, to, tunda abin nasu waƙa ce, ni me zan je in ce? Na aika yarinya da kwanon abinci, na yi zamana a ɗaki.

Bayan kamar mako uku, jama'a sun watse, na leƙa kicin ɗinta da safe. Na same ta zaune a kan kujera 'yar tsuguno, ga shinkafa a roba, tana kuka marar sauti. Ashe ta auna shinkafar ne har da rabon mamacin, sai da ta zuba ruwa ta tuna. Ta ɗago ta ce, "'Yata, ina kika shiga? Na yi ta duba ƙofa ban gan ki ba." Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na gaya mata gaskiya, cewa da na ji waƙa na ɗauka ta riga ta haƙura. Sai ta ce, "Waƙar nan ita ce sandar da nake dogarawa. In na bar ta faɗuwa zan yi."

Tun daga ranar na soma tambayarta, ita kuma tana yi mini bayani. Abin da na fahimta shi zan gaya muku yau. Mun sani mu Musulmi aƙidarmu game da Annabi Isa, alaihis salam, daban take da tasu, kuma muhawarar wannan fagen malamai ne. Nawa shi ne in gaya miki abin da ke cikin zuciyar maƙwabciyarki, don ki san yadda za ki tunkare ta.

Kiristoci sun gaskata cewa Yesu Almasihu, kamar yadda suke kiran sa, ya mutu ya kuma tashi a rana ta uku, abin da suke tunawa kowace shekara a bikin Ista. A kan wannan suka gina bangaskiyarsu cewa wanda ya mutu yana mai ba da gaskiya gare shi zai tashi shi ma, ya sami rai na har abada a sama. Shi ya sa za ki ji sun ce wane ya yi barci, ko an kira shi gida. Mai barci ai ana sa ran farkawarsa.

Akwai wuraren da suka fi karantawa a Littafi Mai Tsarki idan an yi mutuwa. Ɗaya shi ne babi na 14 na Bisharar Yohanna, wanda wata fassarar ke kira Yahaya. A nan aka ba da labarin daren ƙarshe da Yesu ya yi da almajiransa. Hankalinsu ya tashi don ya gaya musu zai rabu da su, shi kuma yana kwantar musu da hankali da alkawarin cewa akwai masauki da zai tanadar musu, kuma rabuwar ba ta dindindin ba ce. Na biyu, wasiƙar da Bulus ya rubuta wa Kiristocin Tasalonika, birnin da har yau yana nan a ƙasar Girka. 'Yan uwansu sun soma mutuwa, suna cikin damuwa. Bai hana su baƙin ciki ba, abin da ya hana su shi ne yanke ƙauna. Na uku, babi na 21 na littafin ƙarshe, Ru'ya ta Yohanna, inda aka siffanta sabuwar duniyar da mutuwa da ciwo da kuka ba su da wurin zama a cikinta.

Mama ta fi son wani labari daban, na babi na 11 na Bisharar Yohanna: mutuwar Li'azaru, ɗan'uwan Maryamu da Marta. Ta ce a labarin, Yesu da kansa sai da ya zubar da hawaye a bakin kabarin abokinsa. "To ni wace ce," in ji ta, "da za a ce kada in yi kukan ɗana?" Kin ga ke nan hawaye da sa rai a zuciya ɗaya suke zaune.

Su kan kira wannan sa rai da wata kalma da kika sani sarai: bege. A wurinmu bege shi ne ɗokin wanda kake ƙauna ba ya kusa. A bakin Kirista mai jin Hausa ya haɗa har da tabbacin cewa za a sake saduwa.

Kada ki yi mamakin jin waƙoƙin da Hausa. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller, wanda ya daɗe a Zariya, ya taka babbar rawa a cikinsa. A Wusasa akwai Hausawa Kiristoci kaka da kakanni, a can ma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Majami'u da yawa a Filato, kudancin Kaduna, Gombe, Adamawa da kudancin Borno da Hausa suke sujada. Matan da kika gani da atamfa iri ɗaya kuwa su ne Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci. Su ke dafa abinci, su share gida, su kwana da mai takaici. Jinkirin binnewa kuma yawanci jiran dangi ne na nesa, ko shirin kai gawa garin asali, shi ya sa ake ajiye ta a ɗakin ajiye gawa na asibiti. Al'ada ce da ta bambanta da tamu, ba rashin tausayi ba ne.

In kina son sanin nauyin da wannan bege ke iya ɗauka, ki tuna Chibok. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantarsu. Yawancinsu Kiristoci ne, da damansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. A watan Oktoban shekarar ma 'yan Boko Haram suka mamaye hedikwatar cocin da ke Kwarhi a jihar Adamawa. An sako 21 a Oktoban 2016, aka sako 82 a Mayun 2017, amma akwai iyayen da har suka koma ga Mahaliccinsu ba su sake sa 'ya'yansu a ido ba. Ke uwa ce, kin san yadda cikinki ke juyawa in yaro ya wuce magariba bai dawo ba. To ki auna shekaru. Uwar da ba ta da gawa, ba ta da kabari, ba ta da labari, me ya rage mata in ba sa ran saduwa ba, ko a nan ko a can? Wannan masifa kuwa ba ta tambayi addini ba, gidajen Musulmi nawa ta shiga a Borno da Yobe? Hawayen uwa kala ɗaya ne.

Yanzu ga amsar tambaya ta biyu: me za ki yi?

Da farko, ki je. Ki nemi izinin maigida, ki sa hijabinki, ki shiga ko da na minti goma ne. In fita ba ta samu ba, ki aika da kunu ko tuwo, ki haɗa da saƙon baki, ko ki kira ta a waya. Haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya kan Musulmi kaɗai ba. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya je duba wani yaro Bayahude da ba shi da lafiya, ya kuma taɓa miƙewa tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude.

Na biyu, ba sai kin yi dogon jawabi ba. Sannu da haƙuri. Allah ya sanyaya miki zuciya. Allah ya raya abin da ya bari. Waɗannan sun isa, kuma babu abin da suka taɓa a addininki ko nata. Abin da ya shafi yi wa mamacin addu'a, wannan ki tambayi malaminki. Ke dai mai rai kika je rarrashi.

Na uku, gidan makoki ba wurin gardamar addini ba ne. In ta ce miki mijinta ya tafi gida, za su sadu, kada ki ce za ki gyara mata zance. Da wannan maganar take iya tashi da safe ta yi wa marayunta abin kari. Kada kuma ki tambaye ta dalilin waƙa ko jinkirin binnewa a wannan lokaci.

Na huɗu, ki koma bayan an watse. Kwanakin farko gida cike yake. Zafin gaske sai an naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa. Nan ne ake bukatar wadda za ta leƙo ta ce, kin ci abinci kuwa? In kuma kika ga watanni sun shuɗe ba ta ci, ba ta barci, ko tana cewa gara ta bi shi, ki gaya wa danginta a kai ta ga likita. Wannan shawarar har da mu kanmu, don ciwon damuwa yana da magani, kuma neman maganin ba raunin imani ba ne.

Tun bayan rikicin shekarar 2000 garin Kaduna ya soma rabuwa, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kiristoci a kudu. Yaranmu da yawa sun tashi ba su san gidan maƙwabci mai wani addini ba. Saboda haka ke da har yanzu katanga ɗaya ce tsakaninku, ki riƙe wannan zumunci da kyau.

Mama ta yi ritaya ta koma garinsu. Amma shekarar da mahaifiyata ta rasu, da ta ji labari, motar haya ta hau tun asuba. Ta yafa mayafi, ta zauna cikin 'yan uwana kwana uku, tana wanke kwanuka tare da mu. Ba ta yi waƙa ba, don ta san ba al'adarmu ba ce. Hannuna kawai ta riƙe.

'Yar uwa ta Kaduna, kwanaki sun wuce amma ba ki makara ba. Gobe in kin gama aikin safe, ki leƙa ta.

A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya sanyaya zukatan duk masu baƙin ciki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Ku huta lafiya.